Ranar da Motar Kaka Ta Dawo Sabuwa

Ranar Asabar da ta wuce hannun jakar littattafaina ya tsinke, na shiga kasuwa neman wanda zai ɗinke min. Tun kafin in ƙarasa rumfar badukun, ƙanshin jemammiyar fata ya tare ni, irin jar fatar akuya da rana ta gasa. Na miƙa masa jakar na yi tsaye. Sai da ya maimaita tambayarsa kafin na ji abin da yake cewa, domin hankalina ya riga ya tafi wani gida a unguwar Liman Abaji, inda nake yarinya ƙarama zaune a cikin motar kakana.

Mai karatu, idan na ce mota, kada ka kawo wata babbar aba a ranka. 'Yar ƙarama ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ga dogon hanci, ba ta da rufi sai tamfol da ake ja idan hadari ya taso. Irin motocin nan ne da aka ƙera don gudu da shan iska a ƙasar da tituna suke sumul. Kaka ya saye ta tun yana saurayi malamin gona, a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu. An ce a lokacin ja ce wur. Ni dai koriya na tarar da ita, fentin buroshi, wanda in ka shafa za ka ji sawun gashin a tafin hannunka.

Kaka bai taɓa ɗaukar ta abin ado ba. Gonarsa tana can wajen Panda, kuma daga inda kwalta ta ƙare sai ramuka da zaizayar ruwa. Saboda haka ya sa wani abokinsa mai walda a Angwan Iya, ɗan ƙabilar Eggon, ya ƙara mata sifirin ta ɗaga daga ƙasa, ya kuma kafa mata kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a kan but don doya da buhunan riɗi. Da kujerun suka yage, baduku ya lulluɓe su da jar fata. Da kan giya ya fashe, Kaka ya yanko guntun ƙotar fartanya ya fere da wuƙa ya sa, hannunsa ya goge shi har yana sheƙi. Inna, wato kakata, takan ce, "Wannan kwanon shan naka, in an cire faci me zai saura?" Shi kuma ya ce, "Ke ma ai da ita aka ɗauko ki."

Faci na ƙarshe nawa ne. A ɗan wurin da ke bayan kujerun biyu, Kaka ya sa an kafa ɗan benci na katako, aka shimfiɗa masa ragowar fatar. Nan ne wurina. Ko motar ba ta tafiya ko'ina, nan nake shigewa da littafina idan gida ya cika da baƙi, domin ni ba mai son taro ba ce.

Ni 'yar fari ce, shi ya sa ana yaye ni aka kawo ni wurin kakannina, kamar yadda gidanmu ya saba. Babana ma ɗan fari ne. Idan kai ba ɗan irin gidajenmu ba ne, sai in gaya maka cewa uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane. Kunya ake ce wa abin. Kaka yakan ce "mutumin Abuja" ko "babanki". Idan Baba ya zo ƙarshen wata, yakan durƙusa a ƙofar zaure ya yi gaisuwa, Kaka ya amsa yana duban bango. Daga nan sai a nemo ni.

"Amarya, tambayi babanki ko hanya lafiya."

Baba, wanda ke zaune a nan kusa da takalman Kaka, sai ya ce, "Ki ce masa lafiya ƙalau."

Na daɗe ina zaton haka kowane uba yake magana da ɗansa. Kuma ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba, domin ni nake ganin Kaka duk ranar Juma'ar da ake sa ran zuwan Baba, yana kai da kawowa a zaure, yana cewa iska yake sha.

Da idanun Kaka suka fara rauni, Baba ne yake tuƙa mu zuwa gona idan ya zo. Waɗannan tafiye-tafiyen su ne mafi daɗin abin da nake tunawa. Da damina ciyawa takan tsawo har ta riƙa shafar ƙofar motar, iska tana kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin masu gasa masara a bakin hanya. Ni ina kan bencina, kaina tsakanin kafaɗunsu biyu, ina ɗaukar magana daga wannan kunne in kai wancan.

"Amarya, ce wa direbanki ya sassauta, akwai rami bayan gadar nan."

"Ki ce masa na gani."

"Ce masa bara ma haka ya ce."

A cikin motar nan kaɗai na taɓa jin Baba ya yi dariya a gaban mahaifinsa.

Wata damina injin ya tsaya, bakaniken unguwa ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya haƙura. Aka tura ta ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa. A daidai wannan lokacin idanun Kaka suka rufe, sai dai ya bambance haske da duhu. Amma kowace safiya yakan doga sandarsa ya je wurinta da tsumma, ya share busasshen ganye, ya shafa ta tun daga hanci har kariya, ya kama kan giyar ya ɗan jijjiga. Wata rana Baba yana nan, Kaka ya ce da ni, "In dai za ta tashi ta kai ni in taka ƙasar gonar nan sau ɗaya, shi ke nan."

Baba ya ce, "Ki ce masa zan tafi da ita in gyara."

Kaka ya ce, "To."

Iyakar shawarar da aka yi ke nan. Babu wanda ya tambayi ɗayan abin da yake nufi da gyara. Ba a daɗe ba aka kai ni makarantar kwana, gidan ya zama babu mai kai saƙo. Inna kuwa kunyarta ga Baba ta fi ta Kaka, ko wayarsa ba ta iya riƙewa sai ta miƙa wa wani.

Baba mutum ne mai tsantseni, a wurinsa na gado halin. Bai kai motar a tayar da inji kawai ba. Ya nemo littafin da kamfanin ya buga game da ita, ya tara tsofaffin hotunan irinta, ya riƙa sa ana aiko masa da kaya daga ƙasar waje ɗaya bayan ɗaya. Ya kankare koren fentin a cikin bakin ƙofa har ya tarar da jan asali, ya sa aka haɗa irinsa sak. Aikin ya ci damina biyu. Sau ɗaya na gan ta a wannan tsakanin, da na je hutu Abuja. Ƙwarangwal ce kawai a kan duwatsu, an kwance komai. Ya ɗauko wani ɗan noti ya nuna min a tafin hannunsa, ya ce, "Ko wannan irin nasu ne. So nake ta koma kamar ranar da ya karɓi makullinta." Ya ce yana yaro a gidan nasa kakan, yakan hango jar motar ta wuce, mahaifinsa a ciki da farar riga, ba ya tsayawa saboda idon mutane, shi kuwa yakan bi ta da gudu har ta sha kwana. Na ji tausayinsa, aikin kuma ya burge ni. Zatona duk abin da aka kwance za a mayar.

An kawo ta lokacin girbin riɗi, ina gida hutu. A bayan babbar mota aka ɗauko ta don kada ta yi ƙura. Unguwa ta taru, samari suka fito da wayoyi suna ɗaukar hoto. Gaskiya ta yi kyau. Ja ce kamar ɗanyen barkono, ƙarafunanta suna ɗaukar ido, injin yana kaɗawa a hankali babu tari. Baba yana tsaye gefe cikin shadda, hannayensa a baya, kamar ɗalibi mai jiran sakamako.

Ni na riƙo hannun Kaka na fito da shi. Ya miƙa hannu inda ya saba samun ƙofar, hannun ya wuce ta sama, sai da ya ƙara sunkuyawa. Ya shafa bonet, sumul. Ya bi gefenta har baya, tafinsa ya zame a kan but, babu kariya. Ya leƙa ciki ya shaƙi kujerun, baƙar fata ce ta waje mai wani ƙanshi daban. Ya kama kan giya ya sake shi nan da nan. Sa'an nan ya zura hannu bayan kujerun, ya daɗe yana lalube.

"Amarya, wace kala ce?"

"Ja ce, Kaka."

Ya ce a hankali, "Ta Baturen ce ta dawo ke nan."

Inna ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ai yanzu kwanon sha ya zama tangaran. Kaka ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda jama'a za su ji, ya ce, "Ki ce wa babanki Allah ya yi albarka." Kowa ya ce amin. Baba ya ji albarkar, amma na ga fuskarsa, ya ji maganar farkon ma.

Washegari da safe aka shirya tafiya gona. Na sa hijabina na ɗauko littafi na fito. Kaka ya riga ya zauna, Baba yana riƙe da sitiyari. Ya dube ni, ya waiwaya bayan kujerun, inda yanzu tamfol ɗin rufi yake naɗe tsaf yadda kamfani ya tsara. A nan na ga ya gane cewa babu bencina, babu wurin zamana. Kaka ya ce, "Yau dai an raba ni da amaryata." Suka tafi su biyu.

Kafin azahar suka dawo. Salansa tana ɗaure da waya, takalman Kaka kuwa fes, babu jar ƙasa ko kaɗan. Ya shige ɗakinsa, Baba ya tafi masallaci. Daga ranar Kaka bai ƙara fita da tsumma ba. Ƙanen Baba ya sha cewa zai kawo a-kori-kura ya kai shi gonar, shi kuma kullum sai ya ce a bari sai ya ji ƙarfi. Ruwan farko na shekarar da ta biyo ya sauka a kan kabarinsa.

Sai bara Baba ya gaya min abin da ya faru a hanya. Ya ce suna sauka daga kwalta ƙarƙashin motar ya daki ƙasa, ya lallaɓa, ta sake duka, a rami na uku salansa ta fita. Ya kashe inji. Gonar ba ta da nisa sosai, amma ta fi ƙarfin ƙafar tsoho. Ya ce Kaka ya buɗe baki, ya juya kansa baya kamar zai yi magana da wani, sai ya tuna, ya rufe bakin. Shi ma ya so ya ce a gafarce shi, zai mayar da komai, amma ya san kariyar da sifirin ɗin da bencin tuni 'yan gwangwan suka kwashe su a gareji. Ya ce shi ma sai da ya waiwaya. Suka zauna a tsakiyar hanya, suna jin mata suna kakkaɓe riɗi a gonar wani. Daga baya ya sauka ya ɗaure salansar ya juyo.

Motar tana nan a garejinsa a Abuja, lulluɓe. Masu sanin irin waɗannan motoci sukan zo su zagaya ta, su ce ba su taɓa ganin wadda aka mayar daidai haka ba. Ya ƙi sayarwa, kuma ba ya hawa.

Yanzu ina jami'a, ina ganin ƙawayena 'yan fari suna hira da iyayensu maza a waya, ana tsokana ana dariya. Wannan kunyar tana ƙarewa a gidajenmu. Ba na iya zaginta, domin na ga irin son da ke ɓoye a ƙarƙashinta, amma na ga kuma abin da ta ci wa mutane biyu da nake ƙauna. Bayan rasuwar Kaka, Baba ya fara kiran sunana. Ranar farko da na ji shi a waya, na ɗauka wani ne ya mutu. 'Yan'uwansa mata sun yi ta surutu, bai daina ba. Yakan kira ba tare da wata magana ba, ya faɗi sunan a hankali kamar mai tsoron ya fasa shi, ya tambaye ni ko na ci abinci. Ni ma ban iya ba tukuna. Nakan ce na ci, in yi shiru, shi ma ya yi shiru. Sai dai ba ya kashe wayar, ni ma ba na kashewa.