Kajin da Yohanna Ya Raba

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Yohanna na Unguwar Boro, amma har yau in na ji kaza tana tari, sai ya faɗo mini a rai.

Ni kafinta ne a Makera, ni nake buga masa akurki. Wata damina ciwon maƙogwaro ya faɗa wa kajinsa, suna miƙa wuya suna kakari, wasu har da jini. Da abin ya lafa, waɗanda suka tsira suka yi ɓul-ɓul. A wurin masu kiwo na lokacin, kazar da ta sha ciwo ta tashi ita ce iri. Shi ya sa Yohanna ya ƙi sayarwa. Ya bi gida-gida yana raba wa matan cocinsu da mazansu suka rasu, su haɗa da nasu.

Duk gidan da kazarsa ta shiga sai kajin gidan su kama mutuwa, ita kuwa tana kiwonta lafiya lau. Aka ce mugun hannu ne da shi. Mata suka riƙa kauce masa a hanya. Ran nan ya zo shagona, ya dubi inda na ajiye masa kujera can nesa da ni, ya ce, "Malam Sani, har da kai? Ai ba na cizo." Muka yi dariya. Kujerar dai ba ta matso ba, shi ma bai ƙara zuwa ba.

Bara na haɗu da 'yarsa Rifkatu, wadda take duba dabbobi a Trikania. Da na tayar da zancen kajin ubanta, ta ce, "Baba, ƙwayar cutar nan ba ta barin jiki. Shigewa take cikin jijiyar kan kaza ta yi lamo, dakarun jiki su wuce ba su gan ta ba. Ran da aka canja wa kazar gida ta jigata, sai ta farka ta biyo numfashi."

Rashin sani ya fi dare duhu. Ina ta tunanin me zai ce da ya ga yau ana ɗiga wa 'yan tsaki rigakafi a ido. Wataƙila ya yi murna an wanke shi. Wataƙila kuma ya ce, ashe dai kyautata ce ta kashe su.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Nasa ya manne wa Rifkatu: gidajen nan da suka guji ubanta, su take fara zagayawa da rigakafi. Ni kuwa kujerar ce ta rage mini. Na jawo ta gab da teburin aikina, ba na barin kowa ya zauna.