Mangwaron da Babu a Taswirar Gwamnati

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da taswirar da na zana a bangon wata makaranta a Badarawa. Sana'ata fenti ce, ina rubuta allunan shaguna, karatuna kuwa bai wuce firamare ba.

Shugabar makarantar ce ta nemi in zana mata garin Kaduna kafin yara su dawo daga hutu, in ba zan iya ba, ta ba wani. Maƙwabcina, wani ma'aikacin gwamnati, ya ciro mini taswirar daga shafin wata ma'aikata a intanet, ya buga ta a takarda. Da la'asar na shimfiɗa ta a kan tabarma, ina bin kogin da yatsa. Sai na ga kamar ruwan yana motsi. Na hango mangwaron da mahaifina yake ɗaure kwale-kwalensa a gindinsa, har na ji ƙamshin laka. Nan na ƙudura sai na saka shi a zanen.

Can idona ya faɗa kan hatimi da ƙananan rubutun Turanci a ƙasa. Kayan gwamnati ne fa. Ni da tun ina yaro ko goruba ba na tsinta a gonar wani sai na tambaya. Maƙwabcina ya yi dariya, ya ce kowa ma ɗaukar irinta yake yi ba tare da tambaya ba. Ni dai na kasa buɗe gwangwanin fenti. Bango yana nan fari fat, hutu yana ƙarewa.

Na sa babbar riga, na sayi goro kamar yadda ake yi in za a roƙi abu wurin manya, na tafi ma'aikatar don neman izini. Aka yi ta tura ni daga ofis zuwa ofis, don ba a saba ganin irina ba. A ƙarshe na samu wata dattijuwa mai tabarau a bakin taga. Ta karanta rubutun, ta ce an saki taswirar ne don kowa ya amfana, sharaɗin dai in faɗi inda na samo ta, kada kuma in kwaikwayi hatimin.

Sai na ce, "Hajiya, akwai wani mangwaro. Babu shi a ciki, ruwa ya tafi da shi tuni."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Malam, saka abinka. Amma ka rubuta naka ne, kar a ce mu muka shuka shi."

Goron kuwa ta ce in kai wa iyali.

Na gama ana gobe komawa makaranta. A ƙasa na rubuta cewa tituna da kogi daga taswirar gwamnati suke, mangwaro da kwale-kwale kuwa daga mai fenti. Har yau in na bi ta wurin nakan tsaya a inuwar da na zana. Daga nan na koyi cewa wani abin an riga an ba ka shi tun ba ka roƙa ba. Abin da ya rage maka shi ne ka faɗi wanda ya ba ka, ka kuma ware naka.