Rabon Littafin Baba

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba a Dogo-Dogo, Baffa ya zaunar da mu rabon gado. Gona ba ta ba da wuya ba, jakuna ma haka. Sai aka zo kan gafaka.

Littafin fiƙihu ne a ciki, rubutun hannu. Baba ya sha faɗa mana kakan kakansa ne ya kwafo shi a Barno, daga wani littafin da ya fi shi tsufa. Duk wanda ya riƙe shi sai da ya bar ɗan sharhinsa a gefe, wani da baƙar tawada, wani da ja. Kaka ya yanke hukunci, jika ya zo ya rubuta a ƙasa cewa ba haka ba ne. Kuma ba a ɗinke yake ba, irin na da ne, falle-falle tsakanin fata biyu.

Autanmu, shi kaɗai ya yi karatu a gaban Baba, ya roƙa a bar masa littafin, a rage masa gona. Babban wanmu ya ce atafau, albarkar gida ce, ba mai kwashe ta shi kaɗai. Mutumin da bai taɓa kwance igiyar gafakar nan ba fa! Baffa ya gaji, ga la'asar ta gabato. Ya lashi yatsa ya shiga rarraba takardu, namiji biyu, mace ɗaya.

Ina zaune ina kallo. Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Na naɗe nawa a mayafi na koma Kwaya.

Da aka gama girbi, auta ya hau motonsa mai ƙafa biyu ya fara bin mu gida-gida, yana neman haɗa littafin. Ni na ba shi nawa. Babban wa, da ƙyar da siɗin goshi, ya bari ya ɗauki hoton nasa da waya. Saura ƙanwata ta Sassumbrum. Na raka shi, don tana jin maganata.

Ta dama mana fura, tana ta murna. Da auta ya faɗi abin da ya kawo mu, sai ta kira ɗanta ta nuna wuyansa. Ƙyanda ta shigo unguwarsu da bazara, shi ya sa ta kai takardunta wurin baduku ya ɗinke su layu. Rubutun kakanni ne, in ji ta, ai ya fi na kowa.

Auta ya riƙe layar ya tambaya ko za a iya farkewa.

"Ai yanka su ya yi ƙanana, don su ishi yaran maƙwabta. Har saniyarmu na rataya wa ɗaya."

Ya saki. Ya shanye furarsa, ya yi godiya.

Muka kamo hanyar Kwaya. Da ya sauke ni a ƙofar gida, ya zuge jakarsa ya miƙo mini kasona.

"Riƙe abinki, Yaya."