Soyayyen Kifin da Aka Hana Yayata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, huɗu ga watan nan, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, bayan doguwar jinya a gidan babban ɗanta.

Yaya, kin ƙare ƙuruciyarki kina dafa wa yaran makaranta abinci. Ba ki taɓa kankare tukunya ba sai kin leƙa ko akwai wanda bai samu ba. Da mijina ya rasu, kullum da la'asar sai ga ki da kwano a lulluɓe, ki ajiye a bakin ƙofa ki juya, don kada in yi miki godiya. Da ludayin girkin nan kika ɗauki nauyin karatun ɗanki.

Shi kuwa da ya yi ilimi sai ya gano wai abincinki guba ne. Ya bar mai, ya bar gishiri, ya koma ganye da ruwan ɗumi, yana ɗaukar hoton farantinsa yana nuna wa mabiyansa a waya. Cikinsa ne, ba wanda ya hana shi. Amma da kika kwanta ciwo sai ya kulle kicin, ya mai da ke abin talla, wai ga mahaifiyarsa ma ta bi tsarinsa.

Likita da bakinsa ya ce a ba ki abin da ranki ke so, tunda magani ya gaza. Kika riƙe hannuna kika ce, "Soyayyen kifi nake marmari, ko da kan ne." Ran Litinin na soya, na lulluɓe, na zo. Ɗanki ya tare ni a ƙofar falo.

"Inna, ba a shigo da soye-soye gidan nan. Me mutane za su ce in suka ji?"

Na ce, "Mutanen ne suka yi naƙudarka?"

Ya karɓe kwanon ya miƙa wa mai gadi. Kina daga ɗaki kina jin ƙamshin. Da na shiga hannu rabbana ba ki tambaya ba, sai kika ce, "Ƙyale shi, yaro ne." Yaro da furfura a gemu.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya haskaka makwancinki, ya ciyar da ke daga abincin Aljanna, inda ba mai tare ƙofa. Ina yi wa 'ya'yanki mata da jikokinki ta'aziyya. Shi ma Allah ya ba shi haƙuri. Ke kin yafe masa, ni kam tukuna. Kwanona yana wurin mai gadinsa, a gaya masa ya aiko min da abina.