Lagireton da Ya Sha Barkono

Wata uku lagireton a-kori-kurata yana yoyo, ina lallaɓa shi. Direbobin tashar Gashuwa suka ce in zuba garin barkono, yana toshe huda. Na zuba, ya yi sati guda lafiya. Wani ya ce ɗanyen ƙwai ya fi, na fasa biyu. Daga baya har kuka na zuba. Uwar yarana ta ce, "Maigida, in kawo daddawa ne ka ƙarasa miyar?"

Ana gobe kasuwar Nguru, na gama loda ɗanyen tattasaina ke nan, sai lagireton ya saki ruwansa duka a ƙofar gida. Tattasai kuwa ba ya jira. In ya kwana biyu a buhu ya narke, wahalar rani ta tashi a banza. Na sayo wani lagireto na hannu, na aika wa taubashina, masunci ne a Dagona, ya zo ya kama mini.

Da sassafe ya iso. "Bawana," in ji shi, "in kai makanike ne, to ni direban jirgin sama ne."

Muka kwance notuna, muka zare tiyon sama da na ƙasa, muka ɗora sabon. Na cika shi da ruwan rijiya, na tayar da mota, murfi a buɗe. Ban san duk abin da na daɗe ina zubawa yana kwance cikin inji ba. Taubashina ya sunkuya yana leƙa bakin lagireto, sai lagireton ya yi gyatsa, ya watso masa jan romo mai ɗumi a fuska.

"Wayyo idona! Ka makantar da ni, mugun bawa!"

Yana atishawa, ina atishawa, maƙwabcina ta bayan katanga yana tari yana tambaya ko gobara ce.

Sau biyar muna cikawa muna zubarwa kafin ruwan ya fito fari. Hantsi ya dubi ludayi muka kama hanya, idona a kan allurar zafi har Nguru. Mun tarar manyan motoci sun yi lodi sun tafi, saura ɗaya. Dillali ya zura hannu cikin buhu, ya matsa tattasan, ya dube ni, ya ce, "Sauke." Taubashina ya nemi inuwa ya zauna, ido jajir, ya rantse ko buhu ɗaya ba zai taɓa ba. Ni kaɗai na sauke su.