Barcin da Ya Bi Ta Nono

Nono ne ya fara gaya mini. Ina shanya tsumma da hantsi na ji gaban rigata ya jiƙe, sai na tuna tun asuba yarinyar ba ta yi kuka ba. Ita da ko alwala ba ta bari in gama.

Na shiga ɗaki na ɗago ta. Kanta ya langaɓe a hannuna. Na sa mata nono, ta ɗan motsa leɓe ta saki.

Lokacin sussukar dawa ne, duk gidanmu na garin Ƙarfi an watse masussuka. Mijina ya bi motar masara zuwa Funtua. Da mahaifiyata na da rai da a gabanta nake, amma a gidan miji na yi jego, inda har yanzu baƙuwa ce ni.

Ƙaiƙayin dawa bai taɓa ƙyale ni ba. Jikina ya yi ruɗu-ruɗu, ga atishawa, ga susa har gari ya waye. Mijina ya sayo mini ƙaramar ƙwayar ƙaiƙayi a kemis, ta kwantar da susar, ta kuma ba ni barcin da na daɗe ban samu ba. Da hanci ya toshe, uwar mijina ta miƙo mini haɗin mura, irin wanda ake ƙullewa a leda ba suna ba kwali. Na riƙa shan duka biyun.

Yarinyar 'yar fari ce, ana kunyarta. Ba na kiran sunanta, ba na mata wasa a gaban mutane. Ranar na kira sunan da ƙarfi, na sake kira, a gidan da ba mai ji sai kaji. Ba ta buɗe ido ba.

Na goya ta, na kwashi magungunan na fita titi na tari mai babur. Ni ma kaina ya yi nauyi, bakina ya bushe ƙamas. A bayan babur har Malumfashi hannuna na kan goyon, ina lalubar numfashinta.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau, ta karɓe ta. Ta tuɓe mata riga, ta saurari ƙirjinta, ta murza tafin ƙafarta. Yarinyar ta yamutsa fuska.

"Maijego, me kike sha?"

Na zube mata magungunan a tebur. Ta kwance ledar, ta tsince wata 'yar ƙwaya da farce ta ajiye kusa da ta ƙaiƙayin. Iri ɗaya ne sak.

"Kin gani? Biyu-biyu kike sha ba ki sani ba. Wannan mai sa barci ce, kuma tana bi ta nono. Ke ki sha, gimbiya ta kwanta."

"Anti, za ta tashi?"

"Zauna tukuna. Ina wanda ya rako ki?"

"Ni kaɗai ce."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce in riƙa tada yarinyar ina ba ta nono ko ba ta nema ba, za su sa mana ido. Akwai maganin ƙaiƙayi da bai cika sa barci ba, likita zai rubuta mini. Kada in ƙara shan abin da ba suna, kuma duk inda zan karɓi magani in fara cewa ina shayarwa.

Na zauna a benci. Kowace mace da mai riƙe mata jaka. Na riƙa tada yarinyar ina sa mata nono.

Ana kiran la'asar yarinyar ta tsala kuka, ta cafki nono da fushi har na ji zafi. Ma'aikaciyar ta dawo ta sake auna ta, ta taɓa wuyan hannuna.

"Shi ke nan, ƙanwata. Ba abin da zai same ta, ke ma haka. Bar ta ta ƙoshi kafin ku tafi."