Autan Hadari da Kwanon Irin Iya Dije

A gidanmu na Likoro, murhun Iya Dije ba ya mutuwa da wuri idan an gama girbi. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai mu jikoki mu kewaye wutar, kowa da guntun rakensa, ita kuma ta tura dankali cikin rushi. Iya Dije mahaifiyar babana ce. 'Yar Malikanchi ce, kuma ba ta bari kowa ya manta da hakan. Ranar da aka kawo ta aure ta zo da irin dawa farfara ƙulle a bakin zane, tun daga ranar kuwa gidanmu bai taɓa tsallake damina bai shuka ta ba. Tuwonta fari sol, kununta ko babu sukari sai ka lashe ludayi. Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika, kuma ba ta gajiya da yi mini gori.

"Wannan miji nawa, baki kamar rediyo, hannu ko fartanya bai iya riƙewa ba. Matso nan, Habu, ka ji abin da zai amfane ka."

Tana da yadda take buɗe tatsuniya. Sai ta ce ga baƙuwa nan tafe da kayanta, wa zai sauke ta, mu kuma mu haɗa baki mu ce ta sauka a gidanmu. Cikin duk waɗanda ta ba mu, ta Delu ce take sa ni kasa zama wuri ɗaya.

Wai Delu yarinya ce mai tambayar tsiya, kullum tana son ta san inda ruwan sama yake kwana. Da shamuwa ta dawo garinsu gab da damina, sai ta dame ta da roƙo har ta ɗauke ta a baya. Suka yi ta tashi har garin ya koma kamar faifai a ƙarƙashinsu. Can sama Delu ta tarar da uwar hadari zaune tana cika manyan randuna, ko rabi ba ta kai ba. Autanta kuwa ɗan gaggawa ne. Ya faki idon uwar ya ɗebi ƙoƙo guda ya ruga da gudu, ya yi tuntuɓe daidai saitin garin su Delu, ruwan ya zube. A ƙasa mata suka rangaɗa guɗa, maza suka ɗauki sungumi. Shamuwa ta sauke Delu a ƙololuwar rimi, daga nan yarinyar ta fara ƙwala ihu: a mayar da iri gida, wannan ruwan na auta ne, uwar ba ta shirya ba. Babu sallama, babu gaisuwa, ga dattawa tsaye a ƙasa tana nuna su da yatsa. Wani ya tambaye ta abin da ta kawo daga saman, ta buɗe hannu wayam. Suka ce ta je sama ta koyo rashin kunya, suka shuka irinsu kaf, rana ta fito ta ƙone tsiron.

Nan Iya take tsayawa ta ciro dankali tana hurawa. Ni kuwa sai in miƙe tsaye don haushi.

"Iya, ai gaskiya ta faɗa musu."

"Gaskiya ta faɗa mana," in ji ta. "To, wa ya ci tuwo a shekarar?"

Daga nan sai ta ce baƙuwar ta ɗaure kayanta ta bi hayaƙi, kowa ya tashi. Nakan tafi ɗaki ina zagin dattawan nan a zuci.

Iya Dije ta rasu ina makarantar sakandare. Ni da aka ce ban iya riƙe fartanya ba, sai ga ni na zama malamin gona, aka tura ni aiki Makarfi. Wata shekara aka kai mu horo Zariya. Malamin ya kunna majigi, ga ƙasarmu gaba ɗaya a bango, ga hadari fari yana rarrafowa a kanta. Ya ce hoton na safiyar ranar ne, tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko shi daga sama. Wallahi na kusa miƙewa in ce ai na san gidan uwar hadarin nan tun ina ɗan shekara bakwai. Ya ce masu binciken sararin samaniya sun harba taurarin ne don aikinsu, amma ga amfanin ya gangaro har gonar talaka. Wayar da muke zagaya gona da ita ta faɗa mana faɗinta, da taurarin take magana. Direban da ya ɗauki tumatir daga Ikara ya shiga garin da bai taɓa zuwa ba, su ne suke nuna masa hanya. Hatta farantin sola da muke cajin waya da shi, taurarin nan ne suka fara dogara da irinsa kafin ya yi arha ya hau rufin kwanonmu. Na dawo gida ina ta zuba wa matata labari har ta ce in bar ta ta sauke tukunya.

Daminar da ta biyo baya ita ce ta gwada ni. Ƙwari sun shiga rumbun gidanmu da rani sun yi wa farfarar Iya kaca-kaca. Abin da ya tsira kwano ɗaya ne tak, wanda Baffa Sale, yayan babana, ya adana a tulu da toka. A Malikanchi ma an daina shuka ta, kowa ya koma masara da sabon iri. In kwanon nan ya mutu a ƙasa, farfarar Iya ta ƙare a duniya.

Ran wata Alhamis aka tafka ruwa a ƙasar Kudan, inda Likoro take, irin wanda yake cika lambatu. Da safe na duba saƙon hasashen yanayi da ake turo mana. Hoton sama fes yake a bayan ruwan, kuma an ce ana sa ran ɗaukewar ruwa na kusan mako biyu. Na tuna kwanon nan. Na haye babur ko karyawa ban yi ba.

Na iske Likoro ta fashe zuwa gona. A tamu gonar, Baffa na gaba yana sara da sungumi, tulun yana ajiye a gindin ɗorawa, maƙwabta biyu suna taya shi. Ban kashe babur ba, ban ko sauka ba, na ɗaga waya sama na ce, "Baffa, a dakata, kada a zuba irin nan, ruwa zai ɗauke."

Ya juyo ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"A Makarfi haka ake gaisuwa yanzu?"

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni, don a take na gane a kan rimin Delu nake tsaye. Na kashe babur, na cire takalmi, na taka cikin laka na durƙusa. Na gaishe shi da kwana, da iyali, da gajiya, na tambaye shi yadda aka ji da ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara. Na gaishe da maƙwabtan ɗaya bayan ɗaya. Sai da suka koma bakin aikinsu na roƙe shi mu matsa inuwa.

"Gaibu sai Allah, Habu," ya ce da na gama bayani. "Shekarata nawa ina noma, yau waya za ta faɗa mini ranar shuka?"

"Haka ne, Baffa. Amma in ka fito da yamma ka dubi gabas ka ce a kwashe shanya, gaibu ka sani?"

"Hadari na gani da idona."

"To su ma hadarin suke gani. Sun dai fi mu hawa sama ne, shi ya sa suke hango na nesa. Suna iya kuskure, ba zan ɓoye maka ba. Amma in sun yi kuskure, jinkiri kawai muka yi. In mu ne muka yi, ba mu da wani kwanon."

Ya daɗe yana kallon tulun. Ya ce masara zai shuka yau tare da kowa, don ba zai zama abin nuni a gari ba. Farfara kuwa ya ba ni kwana goma. In ruwa ya sauka a cikinsu, kada in sake sa baki a gonar gidan.

Ban taɓa kallon sama kamar kwanakin nan ba. Ran na huɗu hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ina ofis ina safa da marwa. Iska ta taso ta watsa shi, ko ɗigo bai sauka ba. Na yi tsalle a tsakar ofis har masinja ya leƙo. Amma murnar ba ta kai ko'ina ba, don da na je Likoro ran na tara na ga tsiron mutane ya lanƙwashe ya yi ruwan toka, har da masarar Baffa. Dawar maƙwabtanmu duk ta tafi. Kwana goma suka cika, Baffa bai ce mini komai ba, tulun dai bai fita daga ɗaki ba. Ran na goma sha uku hoton ya nuna hadari jere yana tafe, washegari kuwa aka kwana ana ruwa, aka wuni ana yi.

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar Iya a kan taurin kan tsofaffi take. Yanzu ina ganin da mu take, mu da aka ɗauka aka kai sama, ko a makaranta ko a waya. An kashe ƙoƙari mai yawa kafin hoton nan ya iso hannuna, amma saura kaɗan in zubar da shi duka a taku goman ƙarshe, tsakanin babur da inda Baffa yake tsaye.

Da safiyar shuka na same shi a gindin ɗorawa ya juye kwanon a kan buhu. Maƙwabta huɗu da irinsu ya mutu suna tsaye daga gefe, kowa yana kallon wani wuri. Baffa ya tsoma hannu cikin farfarar yana motsa ta, ya dube su, ya dube ni.

"Habu, mutanen nan ba su da abin zubawa. In ta tsaya a gona ɗaya, ƙwari ɗaya ne zai sake cinye ta. Nawa ka ga za mu ba su, nawa za mu bar wa kanmu?"

Tunda nake Baffa bai taɓa neman shawarata a kan komai ba. Na durƙusa ina kallon farfarar a kan buhun. Ya jira, ya jira, sannan ya miƙo mini ƙoƙon awo yana murmushi.

"Ko wannan ma sai ka tambayi na sama? Karɓi ka raba, ƙasa na shanye laima."